Abin da Ɗan Tawa Ke So a Aiko Masa

Daga Tsarnawa, inda hanya ke rabuwa da babban titin Yamai zuwa Damagaram ta miƙe arewa, ƙasa take fara sauya kama. Yashi ya ja baya, sai jan dutse da tsakuwa, da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwari a tsakaninsu inda albasa ke kore shar ko da rani. Adar ke nan. Daminar nan ba kasafai take kai magidanci shekara ba, shi ya sa tun kaka da kakanni da an kai gero rumbu maza ke ɗaura jaka su tafi bida: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya. Motar da ta kwaso mu daga Ƙwanni ta isa shaida. A kanta akwai katifu, da keken yara, da farantan sola, da kwalin talabijin da aka naɗe da bargo aka ɗaure da igiyar roba. A Badagishiri aka sauke rabin kayan, mu kuma muka ƙarasa Tawa da la'asar sakaliya.

Wanda rabonsa da Tawa tun kafin 2017 sai ya yi tambaya kafin ya gane wasu unguwanni. A shekarar ce garin ya karɓi bikin 18 ga Disamba, aka yi masa kwalliyar da ake kira Tawa Sakola, aka shimfiɗa kwalta aka kafa fitilun titi. Ziyarar ƙanwata ta kai ni, amma ɗanta na biyu, wanda ke karatu a jami'ar garin mai ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, shi ya zama ɗan rakiyata. Ya kai ni kasuwa, ya kai ni filin kokawa, ya tuna mini cewa a Tawa aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya tafi da shi. Da ya ga ya sauke haƙƙin baƙo, sai ya ce, "Kawu, yanzu zo ka ga namu filin."

Shago ne na bulo mai rufin kwano. Talabijin huɗu a jere a bango, benci biyu, ƙofa a rufe da labule saboda haske. PlayStation 4 guda biyu ne na manya, akwai PlayStation 3 ɗaya, sai wata tsohuwar PlayStation 2 a lungu inda yara ke zube a ƙasa. Kusan kowane allo ƙwallo ake bugawa, kuma kusan kullum Real Madrid ce da Barcelona. Dokar gidan ɗaya ce, wanda aka ci shi zai biya, dala ashirin wasa, don haka ba mai riƙe manet, wato abin sarrafa wasan, da wasa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina fanka ce. Guda ɗaya ce tal a shagon, mutane sun fi goma sha biyar suna zufa, amma mai shago ya juya ta tana hura injinan. Kowane inji kuma an ɗora shi a kan murafun kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Na tambaye shi dalili, ya ce mutum in ya ji zafi ya fita ya sha ruwa ya dawo, inji in ya ji zafi sai Yamai.

Da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, yaron ya ciro littafin karatunsa ya buɗe shafin ƙarshe. Jerin abubuwa ne ya rubuta da biro, zai karanta wa yayansa da ke aiki a wani shago a kasuwar Ajame ta Abijan. Abokansa duk sun san takardar, har suna yi masa gyara.

A saman shafi wasanni ne. Na farko GTA VI, wanda har lokacin bai fito ba. Kamfanin Rockstar ya nuna tallarsa ta farko a Disamba 2023, ya ce 2025, ya ɗage zuwa Mayu 2026, ya sake ɗagewa zuwa Nuwamba 2026, kuma a kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai aka yi alkawarinsa. Wato sunan wasan nan shi kaɗai ya jawo layi na biyu, wanda shi ne PlayStation 5 ɗin kanta. Sai sabon FC, wasan ƙwallon da kowa ke ci gaba da kira FIFA duk da kamfanin EA ya rabu da hukumar ƙwallon duniya ya sauya suna tun 2023. Sai Red Dead Redemption 2, sai God of War Ragnarök, sai Assassin's Creed Mirage, wanda ya ce yana so ne don a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka kafa labarinsa kuma ana iya sa mutanen ciki su yi Larabci. A tsakiyar shafi kayan kwamfuta ne: katin hoto RTX 3060, RAM giga 16, SSD tera ɗaya, allo mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Can ƙasa, da jan biro, a matse kamar an tuna da su daga baya, ya rubuta batir, stabilaiza, fanka.

Na ce masa, "Wannan takarda ai daga ƙasa ya kamata a fara karanta ta."

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, in na fara da batir, Yaya cewa zai yi in je in tambayi Baba."

Ba ƙaramin lissafi ba ne a cikin wannan amsa. PlayStation 5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dalar Amurka 499, wato wajen jika 300 na sefa kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Ma'aikaci ke nan ya yi wata bakwai bai ci ba bai sha ba. Kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano su hau mota kai tsaye sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, tsadar zagayen kuma a kan mai saye take ƙarewa. Shi ya sa irin waɗannan kaya a Adar ba a cika sayensu a kanti ba. A jakar ɗan bida suke zuwa, tsakanin shadda da turare, galibi na hannu. Takardar buri a nan wasiƙa ce ga wanda ke waje, kuma mai rubuta ta ya san dole ya roƙi raƙumi kafin a ba shi akuya.

Washegari muka ɗauki kwamfutarsa a kabu-kabu zuwa wurin mai gyara a bakin kasuwa. Tsohuwar HP ce ta ofis, irin siririyar nan da ma'aikatun Turai ke sallamarwa bayan sun gama cin moriyarta. Mai gyaran, wanda da rediyo ya fara sana'a, ya kwance murfi ya juyo mana cikin. Ƙurar hunturu ta danƙare a haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar injin har ta zama bargo mai kauri, ya sa tsinke ya ɗago ta a dunƙule. Ya fita waje da abin hura iska, ya danne fankar da yatsa don kada ta juya fiye da kima, ya hura, jan gari ya turnuƙe har mai shayin kusa ya rufe tukunyarsa. Ya cire ƙarfen, ya nuna mana man da ake shafawa tsakaninsa da ƙwaƙwalwar, ya bushe ya tsattsage. Ya goge da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar. Sannan ya karɓi takardar ya karanta da tabarau a kan hanci.

Hukuncinsa bai yi wa yaron daɗi ba. RTX 3060 tana jan wat 170 ita kaɗai, kamfanin Nvidia yana ba da shawarar tukunyar wuta mai wat 550, ita kuwa ta cikin wannan akwati 240 ce, ba ta ma da wayar da za a jona wa katin. Ko da tana da ita, katin ba zai shiga akwatin ba, ya fi shi faɗi. Abin da zai shiga shi ne ƙaramin GTX 1650 ko tsohon 1050 Ti, masu wat 75, waɗanda ke shan wutarsu daga ramin da aka soke su. Amma kafin kowane kati, in ji shi, a sa SSD a madadin faifan nan mai juyawa, a ƙara RAM daga giga 8 zuwa 16. Waɗannan biyun su ne mafi araha a kayan kwamfutar da ke takardar, su ne kuma za a ga aikinsu tun daga kunnawa. Ya kuma ja kunnensa game da katunan hannu masu arahar banza. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana a gidajen haƙar kuɗin intanet, aka zubo su kasuwa bayan Satumba 2022 lokacin da Ethereum ta daina amfani da irin wannan haƙa. Wani yakan yi lafiya, wani wata biyu ya fara zana layuka a allo.

Na yarda da mutumin nan ɗari bisa ɗari, kuma dalilina zafin Tawa ne. A Afrilu da Mayu ma'auni yakan haura 40 kusan kowace rana, a ɗaki mai rufin kwano kuwa abin ya fi haka. Duk wat ɗin da inji ya ja zafi yake komawa, kuma da ƙwaƙwalwarsa ta kai wani mataki sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Jamus aka ce yana ba da hoto kaza a daƙiƙa, ba shi ne zai ba da wannan a unguwar Bilbis da azahar ba. Manyan katunan da samari ke kallo a YouTube suna haɗiyar yawu, RTX 4090 mai wat 450 da 5090 mai wat 575, murhu ne a nan. Ko a ƙasashen sanyi zafi ya taɓa durƙusar da Xbox 360, har Microsoft ta ware sama da dalar Amurka biliyan ɗaya a 2007 don gyaran injinan da suka mutu.

Sai maganar wutar kanta. A 2023 kaso mafi tsoka na lantarkin Nijar daga Najeriya yake shigowa, kuma da Najeriya ta yanke shi a farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, garuruwa sun shiga rabon wuta har zuwa Maris 2024 da aka maido. Masu gidajen wasa a Tawa ba su manta da watannin nan ba. Wanda ke da injin janareta ya ƙara kuɗin wasa, wanda ba shi da shi ya rufe. Jihar tana da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, tana da gawayin Salkadamna da aka daɗe ana maganar tashar da za a gina a kansa, amma ɗan wasa abin da ya sani shi ne in wuta ta ɗauke yana minti na 88 da ci ɗaya a gaba, gardamar wa zai biya sai ta kai wurin mai shago. Abin da ya fi ɗaukewar illa shi ne dawowarta da ƙarfi. Stabilaizar da yaron ya rubuta da jan biro ita ce mai tsaron duk abin da ke samanta.

Na ɗauka da an samu inji an gama, ashe wasan kansa wani dutse ne. Red Dead Redemption 2 yana neman giga 150 a kwamfuta. Ba ɗalibin da zai sauke wannan da katin Airtel ko Moov ko Zamani. Don haka wasanni a faifai suke yawo: wani ya kwafo a Yamai, ya ba direban bas, a karɓa a tasha, a zagaya da shi gari. Yawancin injinan gidajen wasa an buɗe musu kai don su karɓi kwafi. Ba na yabon wannan, amma ina ganin inda laifin ya rabu biyu. Wanda ma yake da niyyar saye da halalinsa, Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony ke buɗe wa asusun PlayStation, sai yaro ya rubuta cewa a Faransa yake, ya nemi wanda zai saya masa katin kuɗi daga can. A Mayu 2024, da aka ce sai da wannan asusun za a buga Helldivers 2 a kwamfuta, an cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe sama da 170, duniya ta yi ca. Samarin Tawa ba su ga abin mamaki ba, su a haka suka tashi. Starlink ta fara aiki a ƙasar a 2025, wasu shaguna sun haɗa kuɗi sun kafa farantinta suna sayar da awa, kuma saukar da kaya ta yi sauƙi. Amma manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa a intanet galibi a Turai suke, kafin harbinka ya je ya dawo ɗan Marsay ya riga ya kashe ka.

Amsar yayan ta iso da muryar WhatsApp, ana jin hayaniyar Ajame a bayansa. Ya gaida kowa da suna, ya tambayi jikin tsohuwa, sannan ya ce ya ga takarda. Kuɗin da ke hannunsa na takin zamani ne da gyaran katangar gida kafin ruwa ya sauka. SSD da manet ɗaya na hannu zai ba wani ɗan garinsu da zai taho. PlayStation 5 kuwa, "in Allah ya kai mu baɗi." Yaron ya saurara sau biyu, ya sa biro ya yi alama a gefen SSD, bai soke ko ɗaya daga sauran ba.

Daga nan muka yi gabas, Tamaske da Kaita. Hanyar tana hawa tana gangara tsakanin duwatsu, kuma a jikin tuddai ana ganin layukan duwatsun da aka jera don tare ruwa, aikin Furoje Kaita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya bayan farin wancan lokacin. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, don mazan suna bida, kuma miliyoyin itatuwan da aka dasa su ne inuwar da ake sha yau. A wani ƙauye kafin Kaita muka tarar da gidan wasa a rumfar zana. Farantin sola ɗaya ne, da rana yana tuƙa famfon ban ruwan albasar mai gida, da yamma a sauya waya a cika batir. Injin PlayStation 2 ne siriri, da filashi a soke a gabansa, da ƙaramin talabijin mai aiki da batir. Samfurin farko na injin nan ya fito tun 2000, an sayar da sama da miliyan 150, kuma a ganina ba a taɓa ƙera na'urar wasa da ta dace da karkarar Sahel kamarsa ba: wuta kaɗan yake ci, ba ya neman intanet, ba ya neman asusu, ƙura ba ta cika kayar da shi ba. Wasan ƙwallon da ke ciki tsohon PES ne da wasu masu dabara suke sabunta wa sunayen 'yan wasa da riguna kowace kaka, har ka ga Mbappé da rigar Madrid a injin da ya girme wa masu riƙe da shi. Na tambayi yaron da ke karɓar kuɗi me yake so a aiko masa. Bai yi dogon tunani ba. Manet biyu, don na yanzu sandar hagu ta saki, ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Sai batir da ba ya mutuwa kafin isha'i.

Muka komo Tawa muka hau hanyar Agadas, wadda aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom ɗin Arlit, muka tsaya a Tabalak. Arewa da nan sai da shawara da rakiya, tun bayan kisan da aka yi a yankin Tiliya a Maris 2021, don haka a bakin tabki tafiyarmu ta tsaya. Masunta na soya kifi, mata na tallar cuku, raƙuma na shan ruwa a gefe. A nan babu gidan wasa ko ɗaya da na gani, waya ce komai. Samari huɗu a gindin bishiya, kowa da Tecno ko Itel ko Infinix, kawuna a haɗe, suna buga Free Fire, wasan da kamfanin Garena ya fitar a 2017 aka gina shi musamman don ƙananan wayoyi. Burinsu bai wuce waya mai RAM giga 4 ba, da abin ajiyar caji, da wurin da sabis ke kamawa ba sai an hau tudu ba. Mai cajin waya a bakin hanya, da allonsa mai soket talatin, shi ne ya fi kowa sanin wa ke wasa a garin, don masu wasa sau biyu suke kawo masa waya a yini.

A hanyar dawowa na ce wa ɗan ƙanwata wani abu ya dame ni a takardarsa. Akwai Amurka a ciki, akwai ƙasar Turawan arewa da gumakansu, akwai Bagadaza, amma babu ko gari ɗaya da ya taɓa takawa. Ya ce ba laifinsa ba ne, ba a yi ba. Na ce a Kamaru wasu samari sun yi, Kiro'o Games, sun fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru suna fama da ɗaukewar wuta irin tasu. Ya ce ya sani, kuma manhajar Godot da ake gina wasa da ita kyauta ce, za ta tashi a kwamfutarsa in SSD ta iso. Shi da wani abokinsa sun taɓa zancen wasan kokawa: jihohi takwas, kowace da 'yan kokawarta goma, a yi ta kayarwa har a kai ga takobi. Matsalarsu ita ce yadda za a auna ƙarfin Isaka Isaka na Doso, wanda ya fi kowa ɗaukar takobin, ba tare da kowa ya riƙa zaɓensa ba.

Direba, wanda tun Tabalak bai ce uffan ba, ya rage rediyo ya ce, "Ɗan samari, in za ku yi, ku sa makaɗa da kirari, ku sa layu da ƙwaryar rubutu, ku sa mutum ya yi minti goma yana zagaya fili bai kama kowa ba. In babu waɗannan, dambe kuka yi da wando, ba wanda zai ba ku dala ashirin."

Yaron ya ciro littafin ya buɗe sabon shafi, ya ce wa direba ya maimaita a hankali.